Gumbar da Na Daka wa Mai Busa

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da kuke karantawa daga bakina ya fito, hannun wata ne ya ɗauka. Amma ido kam Allah ya ba ni. Shekara da shekaru ina hawa jirgi daga Kano zuwa Dubai saro gwal, tun unguwar Al Sabkha ba ta cika da mutanenmu haka ba, kuma ba a taɓa naɗe mini tagulla a takarda na karɓa da sunan zinariya ba. In na ɗora sarƙa a tafin hannu, nauyinta yakan gaya mini gaskiya kafin mai kanti ya buɗe baki. Haka nake auna mutane ma. Wasu suna cewa zargi ya yi mini yawa. Masu faɗin haka, yawanci akwai abin da na taɓa gano musu.

Zuwan da zan ba ku labarinsa ba na fatauci ba ne. Na riga na bar kasuwa, ciwon gwiwa ne ya kai ni. Autana ya aiko mini da biza ya ce in zo likita ya duba. Injiniya ne a wata masana'anta can Dubai Investments Park, yana zaune a filat mai ɗaki biyu a Al Qusais, hawa na shida. Ya haura arba'in. Ya taɓa aure a gida, auren bai yi ƙarko ba, tun daga nan in na kawo maganar mace sai ya kawo maganar aiki. Namiji lafiyayye, ga albashi, ga mota, a ce shi kaɗai yake zaune duk shekarun nan? Na karɓa a baki, zuciyata ba ta karɓa ba. Tun ranar da na sauka nake bin gidan da kallo. Labule ya dace da kujeru. Na ja durowar kicin, na tarar da cokula a jere, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Gwauro ba ya jera cokali. Ban tsinci ɗan kunne ba, ban tsinci silin gashi ba, amma rashin tsinta bai taɓa zama shaida a wurina ba.

Ranar wata Alhamis da safe ina falo ina shan shayi, ya fito da shirin aiki, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, yana duba waya. Sai na ga ya tsaya cak. Ya nemi bakin kujera ya zauna, ya ɗora takalmin a cinya. Da na leƙa fuskarsa, hawaye ne. Rabona da ganin hawayen yaron nan tun ranar kaciyarsa.

Na ce, "Auta, wa ya rasu?"

Ya ce, "Wani dattijo ne, Inna. Ba ki san shi ba."

"Na gida ne ko na nan?"

"Ba na gida ba ne, ba kuma na nan ba."

"Abokin aikinka?"

"A'a. Mai busa ne. Makaɗi."

"To faɗa mini sunansa."

Ya share fuska da bayan hannu. "Ko na faɗa ba zai zauna miki a baki ba."

"Kun zauna tare?"

"Sau ɗaya na taɓa ganinsa, shi ma daga nesa, cikin taro. Ko gaisawa ba mu yi ba. Bai ma san ina duniya ba."

Ya kira wurin aiki ya ce ba zai zo ba. Mutumin da ko zazzaɓi bai hana shi fita ba.

To ku taya ni dubawa. Dattijo ne. Ba a kama sunansa. Ba a zama kusa da shi, daga nesa ake hango shi. Ya mutu, namiji mai gemu ya fasa aiki yana sharar hawaye. A inda na tashi mutum ɗaya ake yi wa irin wannan kunyar, shi ne suruki. Da ya ce kuma mai busa ne, sai komai ya zauna mini daram. 'Yar makaɗi ya aura, ya san halina, ya san abin da dangin ubansa za su ce, shi ne ya binne maganar. Batun wai bai san yana duniya ba kuwa, fassararsa ita ce can ma ba a sani ba, auren ɓoye ne ta kowane gefe.

Kada ku ce ina ƙin makaɗa. A bikin kowace 'yata sai da na yi musu liƙi har hannuna ya gaji. Amma liƙi daban, haɗa jini daban, haka muka taso muka tarar. Duk da haka, da zai zo ya durƙusa ya ce Inna ga abin da na yi, faɗan kwana biyu zan yi in haƙura. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne a ce ɗana yana da wata rayuwa, kowa ya sani, ni da na haife shi ce ta ƙarshen ji.

Da hantsi ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado, cike da faya-fayai manya baƙaƙe irin na garmaho. Ya miƙo mini kwalin guda. Bature ne dogo, siriri, furfura har kafaɗa, hanci kamar an ja shi da zare, ya rufe ido ya kafa baki a wani ƙaho. Ƙahon a lanƙwashe yake kamar lofen tsofaffi, da maɓallai reras a jikinsa. Saksofon ake ce masa, in ji Auta, kiɗan nasu kuma rok. Abin yana ta sheƙi. Na kanga hoton a haske na ce, "Wannan tagulla ce aka wanke."

Ya ce, "E, Inna, kowa ya san tagulla ce."

Na haddace hancin nan na mayar masa da kwalinsa.

Yinin ranar waya ba ta huta ba. Maza sun kira, ban damu da su ba. Amma akwai wata mace da ta kira sau uku, ina jiyo shesshekarta tun daga inda nake zaune. In ita ce, sai ya tashi ya fita baranda ya ja ƙofar gilas, cikin zafin nan da ko tsuntsu ba ya tsayawa. Ruwa ba ya tsami banza. Da ya shigo a karo na uku na tambaye shi wace ce. Ya ce malamar makaranta ce, su wajen goma ne masu son kiɗan mutumin, sun daɗe suna haɗuwa. Sun shirya ranar Asabar za su taru a wani shagon shan gahawa, su saurari faya-fayansa, kowa ya faɗi abin da yake tunawa.

Alhamis, Juma'a, Asabar. Kwana uku cif. Ya ɗauka ban san sadakar uku ba.

Na ce, "Ba a zaman makoki a shagon shayi. Nan za a yi."

"Inna, ba irin zaman da kika sani ba ne."

"Mutuwa iri nawa ce?"

"Mutanen nan ba Hausawa ba ne, ba za su gane ba."

"Kunyata kake ji, ko akwai wadda ba ka so in gani?"

A ƙarshe ya ce to, nan ɗin. Ni kuwa na san abin da nake yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗiyar mamaci ba ta iya ɓuya a makokin ubanta, ko ta ɓoye fuska kukanta zai tona ta.

Na kira ƙawata Hajiyar Fagge. Tare muka fara zuwa Dubai, ita har yanzu tana kan fatauci, a lokacin tana masauki a Al Sabkha tana haɗa kago na abaya da takalma da za ta tura gida.

Na ce, "Hajjaju, rasuwa aka yi mana."

Ta yi salati. "Wa?"

"Surukin Auta."

Ta ce, "Yaushe Auta ya yi suruki?"

"Abin da za ki zo mu gani ke nan. Ki sayo mini gero a kantin Ba'indiyen nan na bayan tashar bas. Ki taho da Turancinki kuma."

"Turancina na ciniki ne, Hajiya. Ya yi tsada, rage, zan dawo gobe."

"Ya isa. Mai ƙarya ma ciniki yake yi."

Ranar Juma'a ta aiko da geron. Na surfa shi, na wanke, na jiƙa. Auta ya ce ga injin markaɗe a kicin, minti biyu an gama. Na ce gumbar da ba ta ji taɓarya ba ba gumba ba ce. Turmin da na samu a gidan ɗan ƙarami ne na dutse, irin wanda Indiyawa ke daka yaji a ciki, ba ya cin fiye da tafi biyu. Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa na kama daka. Ban yi nisa ba maƙwabcinmu na ƙasa, wani Bamisire mai tumbi, ya hawo ya buga ƙofa yana nuna rufin ɗakinsa da yatsa. "Shwaiya shwaiya, ya hajja." Wai in yi a hankali. Na gaya masa da Larabcina na kasuwa cewa mutuwa aka yi. Nan take ya sauke murya, ya dafa ƙirji ya yi mana ta'aziyya, ya tambayi wa ya rasu. Auta ya buɗe baki, na riga shi, na ce dangi ne. Na ninka bargo na sa a ƙarƙashin turmin na ci gaba. Sai da la'asar ta yi sanyi na gama, na zuba sukari da citta da kanumfari, na dunƙula na jera a faranti biyu.

Ranar Asabar na sa aka jingine kujeru da bango, aka shimfiɗa darduma. Hajiyar Fagge ta iso tun azahar da wasu mata biyu 'yan masaukinsu, kowacce da carbinta. Bayan la'asar baƙin suka fara hawowa. Abin da na fara gani shi ne rigunansu: baƙaƙe, kowacce da hoton mamacin a ƙirji yana busa. Auta ma ya shiga ɗaki ya fito da irinta.

Hajiyar Fagge ta matso ta raɗa mini, "Har da anko."

Na ce, "Kin gani ko. Bare yana yin anko?"

Akwai wani tsohon Ba'indiye likitan haƙori, ya zo da doguwar jaka a rataye. Akwai samari biyu 'yan Filifin, da wani Balarabe mai tsefe gashi da yatsa, da wasu da ban riƙe ba. Can sai ga malamar nan mai yawan kiran waya. Doguwa ce, fara, idanu sun kumbura, ta rungumo fararen furanni. Na dubi hancin. Shi ne, ba ragi.

Na taɓa Hajiyar Fagge. "Dubi hanci."

"Hajiya, ai su duk hancinsu ɗaya ne."

"Ke dai dubi."

Ta cire takalmi ta sa a inda ake ajiyewa ba tare da an nuna mata ba. Ta dafa kafaɗar Auta. Ta wuce kicin kai tsaye, ta buɗe ƙofar kabad ɗin da ke saman famfo, ta ɗauko tulun gilas ta zuba ruwa ta tsoma furanninta. Ni da na yi wata guda a gidan ban san akwai tulun nan ba.

Na tashi da kaina na kamo hannunta. Na zaunar da ita a kan darduma mafi laushi, a tsakiyarmu, na yafa mata mayafina mai kyau a ka, yadda ake yi wa mai karɓar gaisuwa. Matan suka matso ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu, 'yar nan. Ya haƙuri?"

"Ashe Baba lokaci ya yi. Sai haƙuri, kowa hanyarsa ke nan."

Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta gane muryar. Ta fashe da kuka, ta kwantar da kai a kafaɗata, ta yi wata doguwar magana da Turanci tana jan hanci. Na dubi Auta.

Ya ce, "Ta ce ta gode."

Na ce, "Maganarta ta kai zira'i goma, ka ba ni taƙi ɗaya. Ina sauran?"

"Ta ce ba ta zaci za a karɓe ta haka ba."

Na yi wa Hajiyar Fagge ido. Ta gyara zama ta tattaro Turancinta, ta nuna hoton da ke ƙirjin matar, ta tambaye ta ko mahaifinta ne. Matar ta ɗago a firgice ta girgiza kai. Har ta ɗan yi dariya cikin hawaye. Ta ce mahaifinta yana nan da ransa a ƙasarsu, tumaki yake kiwo, ko waƙar rediyo ba ya so. Ta ciro waya ta nuna mana wani jan tsoho gajere a cikin garke.

Na ce da Hausa, "An kitsa mata abin da za ta faɗa."

Ban rufe baki ba aka buga ƙofa. Wani gajeren mutum mai sanƙo ya shigo yana haki, yana ba da haƙuri, wai wurin ajiye mota ya tsaya nema. Ya zo kai tsaye ya durƙusa gaban matar, ya share mata hawaye da babban yatsa, ya sumbaci goshinta ta saman mayafina. Zobensu iri ɗaya. Hajiyar Fagge ta mintsine ni a cinya har sai da wurin ya yi tabo.

"Ga surukarki nan da mijinta, Hajiya."

Na ce ta yi mini shiru. Tulun gilas kuwa, ashe a falon nan suke taruwa wata-wata tun kafin in zo, malamar ce ma ta sayo shi, ita ce ta zaɓa wa Auta labule. Na ji duk wannan, na ajiye. Maganar mata ta faɗi, na yarda. Amma hawayen da na gani ranar Alhamis ba na banza ba ne, kuma ba wanda ya gaya mini mafarinsu tukuna.

Ɗaya daga cikin matan ta sunkuyo ta ce, "Hajiya, to shi mamacin Musulmi ne kuwa?"

Na ce ban ga alama ba.

"To gumbar fa?"

Na ce, "An riga an daka. Ciki ba ya tambayar addinin wanda ya mutu. Ku ajiye addu'arku, ku miƙa faranti."

Aka zagaya da gumba. Likitan haƙori ya gutsura, ya lumshe ido, ya ce kakarsa tana yin irinta, ya ƙara biyu a aljihu. Sannan Auta ya ɗora faifai.

Farkon abin hayaniya ce, ganguna da garayu na lantarki, kamar ka ratsa ta layin maƙera ranar kasuwa. Wani yana ta ihu a ciki wai waƙa yake yi. Na fara neman hanyar da zan tashi. Can sai duk suka ja baya, ƙahon ya shigo shi kaɗai. Na san algaita, na san kakaki, waɗannan suna da wanda suke kira, suna da wanda suke yi wa kirari. Wannan ba ya kiran kowa. Murya ce mai kauri, irin ta babban mutum da yake so ya yi magana abu ya tokare masa maƙogwaro, ya yi ƙasa, ya sake hawa, ya dushe a ƙarshe kamar wanda ya yini yana kira. Ba zan ce ya yi mini daɗi ba. Amma carbin da ke hannuna ya tsaya, sai da aka gama na lura.

Suka fara faɗin abin da suke tunawa, Auta yana fassara mini guntu-guntu, Hajiyar Fagge tana gyaɗa kai in ta ji kalmar da ta sani, don ya san ana duba shi. Malamar ta ce da wannan busar suka yi rawar aurensu. Balaraben ya ce ya yi tafiyar kwana biyu a mota don ya gan shi, da ya isa ya tarar an ɗage wasan, kuma bai yi nadama ba, ya ga motar da ta ɗauko kayansa. Ban ga abin tunawa a nan ba, amma suka yi ta jinjina kai. Likitan haƙori ya ce saboda mutumin nan ya fara koyon busa bayan ya haura hamsin. Ya zuge jakarsa ya ciro nasa ƙahon ya kafa baki. Abin da ya fito, akuya ce a hannun mahauci. Suka tafa masa, wasu da hawaye. Ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da mamacin. Ba wanda ya san inda aka binne shi. Na yi ta kallonsu ina neman inda ribar take, don ban taɓa ganin mutum goma sun taru a kan abin da ba wanda zai samu komai ba.

Aka zo kan Auta. Bai fassara ba, don shi ne mai maganar. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin darduma, ya yi ta magana da Turanci a hankali. Na ga malamar ta juyo ta dube ni, mijinta ma ya dube ni, likitan haƙori ya dube ni ya kawar da kai. Kallon tausayi ne. Na dubi Hajiyar Fagge, ta tsura wa farantin gumba ido kamar yau ta fara ganinsa. Ta tsinci wani abu ke nan.

Da ya gama na ce, "Maimaita da Hausa."

"Inna, in sun tafi."

"A gabansu ka faɗa, a gabansu zan ji. Ba za a kalle ni haka a gidan ɗana ban san dalili ba."

Ya saki bakin dardumar. Sannan ya faɗa, idonsa a ƙasa. Shekararsa ta biyu a Dubai, kamfanin da ya kawo shi ya rufe. Bizarsa ta mutu. Wata takwas ya yi ba aiki, yana kwana a ɗakin lebura, gado bisa gado, su takwas. Ba shi da halin fita daga ƙasar, in ya fita ba dawowa. Wani ɗan ɗakinsu da aka mayar gida ya bar masa tsohuwar waya, ba komai a cikinta sai kiɗan mutumin nan. Da ita a kunne yake bin rumbunan kaya na Al Qusais ƙofa-ƙofa da tsakar rana yana neman aiki.

"A cikin watannin ne Baba ya rasu," in ji shi. "Na ce miki shugabana ne ya hana ni hutu. Ba ni da shugaba, Inna. Ranar da kuka kai shi, bayan wani rumbu na zauna tun azahar har magariba, busa ɗaya nake ta maimaitawa. Ba ni da wanda zan yi kuka a gabansa sai mai busar nan."

Shekaru na riƙe yaron nan a zuciya kan rashin zuwansa, ban taɓa furtawa ba. Nakan ce ya zaɓi aiki a kan ubansa. Amma ba wannan ne ya fi ƙona ni ba a lokacin. A shekarar da yake magana ban daina zuwa Dubai ba. Kafin takaba na zo, bayan na fita takaba na zo. Ina masauki a Al Sabkha yana zuwa gaishe ni, riga a goge, takalmi yana ƙyalli, makullin mota a hannu.

Na ce, "Motar fa?"

"Ta aro ce."

"Ofishin da ka nuna mini daga titi, ka ce hawa na tara?"

"Ban taɓa shiga ginin ba."

"Na sa maka tuwo ka ce ka ƙoshi, a ofis aka ba ku abinci."

Ya miƙa hannu ya ɗauke faifan, ya mayar da shi kwalinsa.

Baƙin ba su ji Hausa ba, amma sun san lokacin tafiya ya yi. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Malamar ta ninke mayafina ta miƙo mini da hannu biyu, na ce ta riƙe. Hajiyar Fagge ta tattara matanta, a bakin ƙofa ta ce, "Hajiya, abin da na ji a nan, a nan na bar shi." Na san ta shekara talatin, na san zai kai Fagge kafin kagonta ya kai. Na rufe ƙofa bayanta.

Da muka rage mu biyu, rana tana shirin faɗuwa, yana tattara kofuna, na ce, "Me ya hana ka gaya mini? Ina da hannun da zan fitar da kai a rana ɗaya."

Ya ce, "Kin riga kin gaya wa duk unguwa ɗanki injiniya ne a Dubai. Kina shigowa masauki kina nuna ni, ga autana, ga autana. Ta ina zan fara?"

Na so in ce ƙarya yake yi. Na auna maganar ta kowane gefe, ban samu inda zan kama ta ba.

Washegari da safe na ce ya fito da mota ya kai ni wurin. Ya ce ba abin gani a can. Na ce ni zan faɗi haka in na gani. Tafiyar ko minti goma ba ta kai ba daga gidansa. Bango ne dogo na kwano, da wata 'yar inuwa da ba ta kai faɗin tabarma ba, da tarin katakon ɗora kaya, manyan motoci suna wucewa suna tayar da yashi. Ya nuna mini inda ya zauna. Na sa ya juya mini katako ɗaya na zauna a wurin, na ce ya fara tun daga ranar da aka rufe kamfanin, kada ya tsallake komai.

Ya yi ta faɗa. Ni da ba a gama zance a gabana ban tsoma baki ba, ranar ban katse shi ko sau ɗaya ba. Ya faɗi abin da suke ci, da yadda suke karɓa-karɓar takalmi ɗaya in za a je neman aiki, da Bapakistanen da ya fara ɗaukarsa gyaran inji. Da inuwar ta janye daga kanmu ya ce shi ke nan, ya faɗi duka.

Ina bin watannin da yatsa a cikin mayafi yana magana. Ya faɗi uku na farko, ya faɗi uku na ƙarshe. Biyu na tsakiya ya haye su da kalma ɗaya, wai ya ɗan yi rashin lafiya, kuma da ya zo wurin sai ya dubi titi.

Na ce, "Na ji."

A mota na ce in mun koma ya nema mini ƙarin wata uku a biza. Ya juyo ya ce ko lafiya. Na ce lafiya lau, ya dubi gabansa ya yi tuƙi, labarin ne da saura.